Baƙin da Ya Kwana a Kife

Litinin za a karɓi aikin, yau Alhamis.
Shafi goma kan tarihin ɗab'i,
ni kuwa ban da Wiebke, sunana, da lambar rajista
ban zuba komai a farar takarda ba.

A laburaren Leipzig, hawa na uku,
inda ba a shiga da biro,
aka ɗora mini wani littafi kan matashin soso,
shekara ɗari huɗu da ɗoriya,
yana warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba.
Na zo farautar shekaru da sunayen manya,
sai a shafi na sittin da bakwai, layi na tara,
na tarar da wani "n" ya kwana a kife,
ya rikiɗe "u", ba wanda ya tashe shi.

Da yamma na bi taragon lantarki zuwa Plagwitz,
gun tsoho Eckehard, mai jera baƙaƙen dalma
tun kafin uwata ta iya tafiya.
"Karatu ya isa," in ji shi. "Miƙo hannu."
Ya ba ni akwati mai gida-gida,
kowane baƙi da ɗakinsa kamar hayar talakawa,
kowanne fuskarsa a juye, sanyi ƙarara,
ƙanana kamar haƙorin ɓera.

Layi ɗaya ya cinye mini awa guda.
Wuyana ya sage, yatsuna suka yi baƙi.
Ya shafa tawada, ya ja hannun inji,
takarda ta fito da ɗuminta,
ga "e" na sunana ƙafa sama, kai ƙasa.
Na kai hannu zan gyara, ya riƙe ni.
"Bar shi. Da wannan za a san kin zo."

Sai yaron can ya faɗo mini a rai,
wanda ba a buga sunansa a bango ba:
kyandir na ƙarewa, maigida na tsawa,
ciki ba miya tun hantsi,
barci ya fizge shi daidai layi na tara.

Dare ya raba, dusar ƙanƙara na lasar taga.
Na ture jerin shekarun gefe.
Da shi zan fara.
Malama ta rage maki in ta ga dama,
har yanzu akwai tawada ƙarƙashin farcena.