Lamba Arba'in da Bakwai

Kakata ba ta taɓa ganin ƙwayar rogo ba.
Sanda take karyawa, gaɓa biyar,
ta soka a damshin fadama.
Abin da ya tsiro shi ne uwar, shi ne ƴar,
ba uba, ba dangin uba.
Shekara sittin rogo ɗaya take ci
tana ce masa sabo.

Da ciwon ya zo, gaba ɗaya ya same su.
Ganye ya yamutse kamar yatsun mai wankau,
kore ya yi dabbare-dabbare da rawaya.
Wani farin ƙuda da bai kai ƙwayar gero ba
shi ke kai saƙon kunya-kunya.
Abin da ya ka da ɗaya ya ka da dubu,
tun da dubun ɗaya ne.

Yanzu ina Tarna, kusa da Gulbi,
hantsaki a aljihu, kaye mai tabon laka a hammata.
Can ƙarshen fili akwai wani dogo,
ya fi rumbu tsayi, in ka yanke shi farin ruwa yake zubarwa.
Ɗan'uwan rogo ne na daji,
daga hayin teku kakanninsu suka fito.
Tona gindinsa, ba ka samun abin tukunya,
sai saiwa mai tauri kamar igiyar guga.
Nomau mai ban ruwa ya ce asarar taki ne.
Amma damina bakwai ina juya ganyensa,
ko ɗigo.

Sai rana ta take furen ke buɗe baki.
Nakan lakato garin dogon, rawaya,
in shafa wa furen na gida,
in ɗaura ƴar jakar yadi, in rubuta lamba.
Nomau ya jingina da bututu yana dariya:
"Cima, kin ɗaura aure ba goro."

Wata uku, ƙwanso ya fashe, tas!
Ƙwaya ɗari uku da sha biyu.
Tamanin suka ga rana,
kowane da tasa fuskar.
Wani ya ɗauko tsayin uba ya baro lafiyarsa.
Wani ya haɗa ciwon uwa da taurin uba,
ya tsaya yana kallona.
Gado ba ya tambayar abin da kake so.
Ni ma wushiryar babana na samu,
haƙurin ya bi ta kan ƙanena.

Sai arba'in da bakwai.
Ƙudan ya sauka, ya sha, ya tashi,
ganyen na nan shimfiɗe kamar tafin jariri.
Ban gaya wa kowa ba, don baki.

Cikin Agusta Gulbi ya shigo da dare,
ya kwashe allunan lamba ya yi yamma da su.
Na tsaya cikin taɓo har ƙauri,
tsirrai tamanin ba suna,
kayen hannuna ya koma takardar ƙosai.
Nomau bai ce komai ba.
Ya naɗe wando, ya ratsa layi na huɗu,
ya dafa wani mai jan wuya, mai karkata gabas:
"Ga ɗan naki. Kullum shi nake fara ba ruwa."
Mutumin da ya ce asarar taki.

Ranar tono saiwa huɗu muka ciro,
kowace kamar damtsen maƙeri.
Na ɓare, fari fat.
An daɗe ana gargaɗi kan kallon kitse,
na sani, amma zuciyata ta riga ni.
Muka dafa a gwangwani.
Na gutsura.
Maɗaci.

Nomau ya tauna nasa a hankali, ya tofar,
ya goge baki da bayan hannu.
"Uban ya yi yawa. A mai da shi gidan uwa."

Wata damina biyar ke nan, ko shida,
in Allah ya ara mana.
Na karya sandar, gaɓa biyar,
yadda hannun kakata ke yi.
Lambar kuwa a marfin gwangwanin na huda ta,
da ƙusa da dutse,
na ɗaure da waya.