Mai Amsa Na Sha Bakwai

Ƙarfe biyun dare a Akoka.
Janareton maƙwabci ya yi tari, ya mutu.
Saura hasken kwamfuta, da kukan sauro,
da ƙarnin ruwa mai shigowa ta taga.

Manhajar nan ba ta da kara.
Duk littafin da na jefa mata sai ta tambayi asalinsa:
wa ya haife shi, wace shekara,
a wane gari, shafi na nawa?
Ɗari uku da arba'in da biyu ta jera mini,
Turawa, Larabawa, farfesoshin gida,
kowa da waƙafi a bayansa kamar mai riƙe masa jaka.
In na danna sau ɗaya sai su sake sahu,
ba mai taka ƙafar wani.

Malam Ilu kuwa ba shi da gurbi a cikinta.

A Mil Sha Biyu na same shi, bisa buhun albasa,
ruwan sama ya dama kasuwa kamar kunu.
Awa biyu yana zuba, rakoda tana sha:
shinge nawa ne daga Aliero zuwa nan,
hannu nawa ne a kowane shinge,
wa ke karɓa da rasit, wa ke karɓa da ido.
Abin da littattafai ɗari uku suka yi ta kewayawa,
shi ya faɗe shi yana ɓare goro.

Na miƙa takardar amincewa.
Na ce, Baba, zan sakaya sunanka, lamba za ka zama.
Ya leƙo ni ta saman tabarau mai ƙafa ɗaya:
"Wancan da kika ce ya yi littafi kan albasa daga Landan,
shi ma lamba ne?"
Na ce a'a.
"Ya taɓa kwana ƙarƙashin tirela a Jebba?"
Na rasa ta cewa.
Ya dangwala yatsa, ya goge a gefen buhu.

Daren Laraba gajiya ta ari hannuna.
Na jawo fayil ɗin hirarsa,
da sunansa, da lambar wayarsa,
da sunan mai karɓa da ido,
na sake shi a rumbun da mu tara muke tarayya.
Ƴar alamar ta fara juyi, tana hawa gajimare.
Gajimare!
Ni da na shekara huɗu a Ikko
na san gajimare ba ya riƙe abin da aka ba shi.
Na fizge waya kamar mai fizge yaro daga gaban damfo.
Kashi sittin. Ya tsaya a kashi sittin.
Ban taɓa yi wa raunin sabis addu'a ba sai ran nan.

Na goge. Na bi kwandon shara na sake gogewa.
Muryoyi na kulle su da kalmar sirri,
sunaye na kwashe da biro cikin jan littafi,
littafin a akwati, makullin a wuyana.
Da safe na faɗa wa malamata da bakina,
tun kafin bango ya faɗa mata.
Ta daɗe tana kallona. Ta ce in rubuta rahoto.
Na rubuta, hannu na rawa.

Yanzu a babi na huɗu, shafi na casa'in,
inda aikin ya fi nauyi,
an ce: in ji Mai Amsa na Sha Bakwai.
A jerin manazarta akwai wani giɓi,
manhaja ba ta ganinsa.
Ni ce ke tuntuɓe da shi kullum.

Jibi zan hau mota in je sayen albasa,
in gaishe shi da cikakken sunansa, har na kakansa,
ba rakoda, ba biro.

Kai kuma mai karatu, kada ka wahalar da takalminka.
Ilu ma ba sunansa ba ne.