Kwatar da ke Tsakani

Shagona na cajin waya yana Unguwar Mu'azu,
tsakanin gida biyu, daf da bakin kwata.
Dama da ni Malam Tukur, hagu da ni Lawandi.
Tare suka yi masaƙa a Kakuri shekara sha tara,
tare aka sallame su ranar wata Talata
da alƙawarin kuɗin da har yau bai nuna ba.

Malam Tukur ya ce zamani ya cika gaggawa,
a riƙe abin da aka gada,
wanda ya saki reshe ya kama ganye, ƙasa zai kwana.
Lawandi ya ce ai reshen ne ya ruɓe,
a bar yara su yi tambaya, a bar mata su tsaya takara,
rigar kaka ba dole ta zauna wa jika ba.

Da fari gardama ce ta kan benci,
ana yi ana ɓare gyaɗa.
Sai zaɓe ya zo.
Benci ya zama biyu.
Sallama ta gajarce, ta koma ɗaga hannu,
hannun ma ya gaji.
Wannan ya ce wancan ɗan ta-zubar ne,
wancan ya ce wannan ya kwana a jiya bai farka ba.
Jikokinsu suka daina aron ƙwallo.

Ni kuwa wayoyinsu kullum suna teburina,
kafaɗa da kafaɗa, wuta ɗaya suke sha,
kowace cikinta fal da zagin 'yar'uwarta.
Naira ɗari nake karɓa, ba na tambaya.

Kwata ta toshe tun watan Yuni.
Tukur ya ce aikin masu son sauyi ne, su fara da nan.
Lawandi ya ce masu son gado, ga gado, su kwashe.
Ledar ruwa ta taru, sauro ya yi gari.

Daren ashirin ga Agusta sama ta ɓalle.
Ruwa bai nemi katin kowa ba,
ya shiga zauren Tukur ya ɗauki buzu,
ya shiga ɗakin Lawandi ya jiƙa jaridun shekara goma.
Na haska tocila, na ga tsofaffi biyu
cikin baƙin ruwa har gwiwa,
shebur ɗaya ne a layin, shi ma aro.
Ɗaya na haƙa, ɗaya na jan buhu,
in numfashi ya ƙare sai su yi musanya
kamar yadda suke karɓar juna a bakin inji.
Ban ji an ce yi haƙuri ba.
Abin da na ji kawai:
"Riƙe nan." "Na riƙe."

Da asuba ruwa ya sami hanyarsa zuwa kogi.

Kada in yi muku ƙarya, ba wanda ya sauya ra'ayi.
Jiya ma sun yi ta har la'asar
a kan ko 'yar Lawandi ta dace da kujerar kansila.
Tukur ya ce ba zai zaɓe ta ba, ko kusa.
Ya kuma ce in ta fito kamfe
ta biyo ta zaurensa ta sha ruwa,
shi ya yi mata huɗuba ranar da aka haife ta.

Bencin dai ɗaya ne yanzu.
Ɗayan ruwa ya tafi da shi,
ba wanda ya je nema.