Kwalbar da Ta Dawo Sau Uku

Rumfata tana Dakata, bayan masu walda,
rufin kwano, benci ɗaya, sikeli da littafi.
Tasi'u Mai Kwalba suke ce mini.
Ban ƙi ba, sunan ya ciyar da yara huɗu.

Ƙa'idar ba wuya, ko autata ta iya:
ka sayi lemo, a ɗora hamsin a kan kuɗinsa.
Hamsin ɗin ba ta mai shago ba ce,
ajiya ce, tana zaune tana jiranka.
Ka shanye, ka kawo kwalba, ka karɓi abarka.
Ka jefa a kwata, ka yi wa mai tsinta kyauta.
Ni ina tsakiya.
In biya ka yau daga aljihuna,
kamfani ya biya ni ran Laraba
in motar Sharaɗa ta zo ta ƙirga.

Na ga wayo iri-iri.
Na ga buhun roba da aka jiƙa tun asuba,
ya hau sikeli yana ɗigar da asirinsa.
Na ga yashi kwance a gindin gora.
Na ga kwalabe da suka tsallako iyaka a bayan tirela,
ba a taɓa ajiye musu sisi a garin nan ba,
suna neman gado a gidan da ba a haife su ba.
Waɗannan tambari ke tona su.
In babu hatimi a wuya, malam, Allah ya ba da sa'a a gaba.

Sai a watan Sha'aban lissafi ya ƙi.
Littafi ya ce dubu tara na biya,
mota ta ƙirga dubu bakwai da ɗari shida.
Na yi ta maimaitawa har aka kira Isha'i.
Ɓera dai ba ya cin kwalba.

Huwaila ce ta miƙo mini jan farcenta,
ta ce, ɗiga a gindin guda, ka kama bakinka.
Na zaɓi wata koriya mai ɗan tabo a baki,
na biya kuɗinta, na sa ta a kiret, na kulle ɗaki.

Talata ta dawo a buhun wani yaro.
Na biya, ban ce uffan ba.
Alhamis ta dawo a hannun wata tsohuwa
da ba ta san sunan wanda ya aiko ta ba.
Asabar ma ta dawo.
Na juya ta, jan ɗigon yana kallona
kamar idon da bai runtsa ba.

Mabuɗin ɗakin biyu ne.
Ɗaya yana aljihuna.
Ɗayan yana wuyan Mamuda, ɗan yayata,
wanda na koya wa ƙirga da dozin,
wanda muke raba ƙosai da shi kullum safe.

Ban kai shi caji ofis ba.
Na ajiye kwalbar a benci tsakaninmu,
na ce, Mamuda, wannan ta fi ka zuwa aiki.
Ya daɗe yana kallon silifas ɗinsa,
sannan ya ce, maganin Inna.
Na san maganin. Ni ma ina cikin masu saye.

Yanzu duk robar da na biya
a gaban mai ita take shiga injin matsa,
ta fito a lotse, ba ta sake zama gora.
Kwalba kuwa, alli a jikin kiret, lamba a rasit,
rabi gare ka, rabi ya kwana a littafi.
Mutum biyu ke ƙirga,
kwaɗo biyu ke ƙofa,
ba don na daina yarda da mutane ba,
don kar in sake barin yaro shi kaɗai da yunwa da mabuɗi.

Mamuda yana nan, gaban sikeli,
yana biyana hamsin-hamsin daga albashinsa.
Koriyar tana kan kanta, kusa da rediyo.
Direban Sharaɗa ya ce in jefa ta a kiret.
Na ce a'a.
Sau huɗu na saye ta, ai ta zama tawa.