Tafinta a Korle Bu

Shekara arba'in Baba Gariba na fawa a kasuwar Nima.
Ya san zuciyar sa kamar tafin hannunsa:
ɗakuna huɗu, farin kitse a wuyanta kamar rawani.
Huhu kuwa, in ya hura shi da baki,
sai ya tashi jajir, mu yara mu watse da ihu.

Yau ga shi a benci, ƙafa ta ƙi shiga silifa.
Likita Naa Dedei ta ɗaga baƙin hoto ga fitila,
ita da Turanci, shi da Hausa, ni a tsakiya.

"Ta ce zuciyarka ta faɗaɗa."
"Ai duk Nima ta sani.
Tambayi masu cin bashin nama."

"Ta ce hawan jini ne sila."
"To ya sauko mana.
Wanda ya hau ai ya san hanyar sauka."

Ta saurari bayansa, ya ja numfashi, ya saki.
Ta faɗi kalmomi biyu.
Na riƙe su a baki kamar koko mai zafi.
A takarda, gazawar zuciya ke nan,
amma a gidanmu wanda zuciyarsa ta gaza
shi ne ya ga ƙaho ya saki igiya.

Na ce, "Baba, ba tsayawa ta yi ba, gajiya ce,
kamar famfon layinmu da tsakar rana:
yana kawowa, amma a tsiyaye.
Abin da ta kasa turawa shi ke komawa baya
ya kwanta a huhu.
Shi ya sa kake barci a zaune."

Ya daɗe shiru.
"Ruwa a huhu. Na taɓa gani.
Wani bijimi daga Bawku, huhunsa kamar jiƙaƙƙen tsumma,
na matsa, kumfa ta fito.
Ban sayar ba."
Ya ɗora yatsa a hoton, ƙasa, ta hagu:
"Wannan ɗakin ne? Mai kaurin bango, mai gardama da wuƙa?"
Likita ta gyaɗa kai tun ban fassara ba.

Ƙwaya uku, a rage gishiri, a dawo bayan sati biyu.

A turoturo, wajen Kaneshie, ya kai hannuna ƙirjinsa.
"Kun ce bugun zuciya ke kashe mutum.
To wannan da kike ji fa, me sunansa?"
Na ce, "Shi ma bugun zuciya."
Ya ce, "Kar ki ɗauke hannun tukuna."