Kafin a Kunna Kyamara

Mannir ya buɗe kwamfuta a shagonsa na Ƙofar Ƙaura,
ya ce, "Kawu, ga fim ɗinka tun ba a ɗauka ba."
Mutane marasa fuska na yawo a allo,
rana na faɗuwa inda ya ce ta faɗi.

Na ce, nawa?
Ya faɗa da dala. Na juya ta naira,
ta tashi man janareta na kwana tara
da tuwon 'yan wasa har da nama.

Ni da murafen lemo nake tsara fage:
wannan Tasalla, wancan mai kyamara,
tsinken ashana ƙofa.

Amma ban manta wata Laraba ba.
Mun yi hayar kaya daga Kano,
muna musun ta ina za a ɗauka
har inuwar Gobarau ta cinye haske.
Kuɗin yini, ƙurmus.

Na biya na wata ɗaya.
Manhajar ba ta san akuyar Malam Sada ba,
wadda ta ratsa tsakiyar kukan Tasalla.
Wannan ɗaukar muka bari.

Murafen na aljihuna har yau.
Suna ƙara in na yi ruku'u.