Lamba Ɗaya

Mu huɗu jami'a ta turo daga Huancayo
a bayan akori-kura mai tarin tsohon mashayin taba,
zuwa tudun da ciyawa ba ta wuce idon sawu,
iska kuwa sai ka lallashe ta kafin ta shiga huhu.

Ni ce likitar dabbobin.
Shekara shida ina karatu
don in durƙusa bayan kare da cokalin katako,
in kwashi abin da ya ajiye, in ba shi lamba.
Yara na bina suna dariya. Da gaskiyarsu.

Wilber na manne da madubinsa,
yana ƙirga ƙwan tsutsa har idonsa ya kaɗa.
Nélida na auna sanyi da danshin ƙasa,
tana son sanin wata nawa ƙwai ke yi da rai
a ƙarƙashin raɓar da ta daskare.
Dakta Fortunato ya goyo na'urar hoton ciki
kamar ɗan fari, ba ya yarda kowa ya taɓa.

Abin da muka zo faɗa gajere ne.
A yanka tunkiya, a ga ƙullutun ruwa a hanta,
a jefa wa kare, don ba a hana kare rabonsa.
Kare ya lashi hannun yaro,
yaro ya ɗauki dankali.
Shekara goma shiru.
Irin wannan baƙo ba ya sallama.

A ajin makaranta muka shimfiɗa bargo kan tebur.
Mutane sun cika ƙofa, ba wanda ya tako.
Doña Hermelinda, hula a karkace, ta ce:
"Bara ma wasu sun zo sun ɗebi jininmu,
har yau ko gaisuwa.
Wannan mai leƙen cikin mutum, shi me zai ɗauke?"

Sai na tuɓe rigar sanyi na hau tebur.
Na ce ku duba, ni ma 'yar tudun nan ce,
a bayan tumaki na koyi tafiya.
Man ya yi sanyi a fatata. Na yi musu murmushi.
Fortunato na ta barkwanci,
sai ya daina.

Ya danna. Ya matsa. Ya dawo wurin.
Ya juyo mini da allon:
baƙar da'ira, sumul, girman lemun tsami,
zaune a hantata kamar ta biya haya.

Na tuna Chaska, karyarmu mai kunne ɗaya,
wadda ke kwana kan ƙafafuna daren ƙanƙara,
da hantar da nake sato mata a bayan idon babana.
Na lalubi haushinta a zuciyata.
Ban samu ba.

Hermelinda ta matso, ta daɗe tana kallon allon.
Ba ta ce sannu ba.
Ta sauke mini riga da hannunta mai kaushi,
ta jawo jikanta:
"Sauka, 'yata. Eleuterio, hau."

Mutum ɗari da sha bakwai kafin batir ya mutu.
Goma muka samu, har da ni.

Yanzu takardar na gaban masu tantancewa a wata ƙasa.
Sun ce a gyara jadawali na uku, a rage surutu.
Na rage.
Layin farko: mace, shekara ashirin da tara,
hanta, santimita biyar.
Ba su san ita ce ta buga jadawalin ba.

Ina haɗiyar ƙwayoyina safe da yamma.
Jibi za mu koma da maganin karnuka
a dunƙule cikin cuku, don Wilber ya ce sun gane burodin.
Hermelinda ta aiko direban madara:
an haƙa ramin da za a riƙa zuba hanta,
amma murfin da muka bari ya yi kaɗan,
karnuka sun ture shi tun daren farko,
in taho da wani, mai nauyi.